Daga Miryam zuwa Mairo

Da wuya ka shiga gidan Bahaushe mai 'ya'ya mata da yawa ka rasa Maryam. In ba a kira ta haka ba, to Mairo ce, ko Mairamu, ko Maryama. Ba kowa ne kuma ya san cewa Mairo mai tallan fura da Mary mai zuwa coci ranar Lahadi takwarorin juna ne ba.

Tushen sunan Ibrananci ne, Miryam, kuma a Attaura sunan yayar Annabi Musa ke nan. Kan ma'anarsa ne masana suka rabu. Wasu sun tsaga shi biyu: mar, wato ɗaci, da yam, wato teku. Wasu suka ce daga harshen Misirawan dā ya fito, yana nufin abar ƙauna. Wannan ta biyun ta fi kwanta mini, tunda a Masar aka haifi mai sunan, kuma wa zai raɗa wa jaririyarsa ɗacin teku?

Da Aramaik, harshen da Annabi Isa ya yi magana da shi, ana cewa Maryam, haka kuma Larabci ya riƙe shi. Maryam mahaifiyar Annabi Isa ita kaɗai ce macen da Alƙur'ani ya ambata da sunanta, sura ta 19 ma sunanta ta ci.

A Turai ne sunan ya rasa wutsiyarsa. A nahawun Latin, harafin m a ƙarshen suna alamar karɓau ce, sai masu harshen suka ɗauka ba na asali ba ne, suka yar da shi, Maria ta saura. Daga nan Faransawa suka samo Marie, mutanen Ingila Mary, har da Molly da Polly na shagwaɓa, Rashawa kuma Masha. A Amurka, tun daga 1880 har 1946 babu sunan mace da ya kai Mary yawa. A Sifaniya har maza ake raɗa wa, a ce José María.

Turkawa kan ce Meryem, a Senegal kuwa Mariama, kamar marubuciya Mariama Bâ.

Mu kam ta ƙofa biyu ya shigo mana. Ban da Maryam, muna da Mariya, albarkacin Mariyatul Ƙibɗiyya, Bamisiriyar da ta haifa wa Manzon Allah (SAW) ɗansa Ibrahim. Shi ya sa za ka tarar da ya da ƙanwa ciki ɗaya, wannan Maryam, waccan Mariya.