Famfon Ruwan Inji: Ƙaramin Ƙarfen Da Ke Riƙe Da Jarin Fataken Arewa A Fatakwal

Duk wanda ya saba bin titin Ikwerre da ke birnin Fatakwal, wato hanyar da ta ratsa unguwar Diobu tun daga Mile 1 har ta wuce Mile 3, ya san irin hoton nan: babbar mota a gefen titi an ɗaga kanta, tururi na tashi, direba ya riƙe ƙugu, yaron mota kuma ya ɗauki jarka ya shiga lungu neman ruwa. Mai wucewa zai ɗauka ƙaramar matsala ce. Amma ga ɗan kasuwar da kwandunan tumatirinsa ko shanunsa ke cikin motar, kowace sa'a da ta shige hasara ce da ba mai biyansa.

Ba da nisa da nan ba, a yankin Ikoku na Mile 2, inda 'yan kayan gyaran mota da kanikawa suka daɗe da kafa sana'arsu, shawarar da mai mota ya fi ji ita ce ya cire famfon ruwan injin ya sa wanda ya fi shi ƙarfi. Shawarar tana da tushe, amma ba kullum take zama magani ba. Sanin lokacin da ta dace da lokacin da ba ta dace ba shi ne ke raba mai motar da ke cin riba da wanda ke yi wa gareji aiki.

Yadda kaya suka koma kan titi

Fataucin Arewa zuwa Gabas ba sabon abu ba ne. Layin dogo ya haɗa Fatakwal da Inugu tun 1916, daga baya aka ƙarasa shi zuwa Arewa, kuma a kansa ne shanu da hatsi suka riƙa sauka, har 'yan Arewa suka kafa zangonsu a Inugu da Anaca da Fatakwal. Irin wannan zama ne ya kai ga Malam Umaru Altine, wani falken shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu a shekarun 1950.

Da jirgin ƙasa ya ja baya, sai nauyin ya koma kan manyan motoci. A 1980 aka buɗe masana'antar ANAMMCO a Emene, kusa da Inugu, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa tare da kamfanin Daimler-Benz na Jamus domin harhaɗa motocin Marsandi, yayin da ake harhaɗa Steyr a Bauci da kuma Fiat a Kano. To amma shirin tsuke bakin aljihu na 1986 da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya sun sa sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin masu sufuri. Daga nan ne aka koma ga tsofaffin DAF da MAN da Iveco da Mack da ake shigowa da su daga ƙetare, kafin daga bisani motocin Howo na ƙasar Sin su shigo kasuwa. Sakin Naira da cire tallafin man fetur a 2023 sun ƙara tsadar duk wani ƙarfen da ake sayowa da kuɗin waje.

Muhimmancin waɗannan motoci ya fito fili a ƙarshen watan Fabrairu na 2021, sa'ad da haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan kayan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu. Cikin 'yan kwanaki farashin tumatir da albasa da nama ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin Kudu, yayin da kaya ke ruɓewa a hannun manoma a Arewa.

Tafiyar da ke gasa inji

Motar da ta ɗauko tumatir daga Kwanar Gafan, ko albasa daga Aliero, ko wake daga Dawanau, ko shanu daga Potiskum, tana da tafiyar da kan haura kilomita 1,000 a gabanta. Wasu direbobi kan bi ta Lakwaja su tsallake Kwara a gadar Itobe, wasu kuma su bi ta Akwanga da Lafiya da Makurɗi, sa'an nan hanyoyin su haɗu kafin Obollo Afor. Daga mahaɗar Ninth Mile kuma, mai zuwa Fatakwal na iya bi ta Inugu da Lokpanta da Aba, ko kuwa ya bi ta Anaca da Owerri ya shigo ta titin Ikwerre.

Ko wacce hanya aka bi, akwai abubuwa uku da ke haɗuwa su matsa wa inji. Na farko zafin gari. Lagireto na fitar da zafi ne gwargwadon ratar da ke tsakanin zafin ruwan da ke cikinsa da na iskar da ke ratsa shi. Alal misali, idan ruwan yana kan digiri 90 a ma'aunin santigireti, iskar waje kuma tana kan 15 kamar yadda akan samu a Turai, ratar ta kai 75. Idan kuwa iskar ta kai 40, kamar yadda takan yi a Sakkwato da Maiduguri a watannin bazara, ratar ta ragu zuwa 50. Wato lagireton nan guda ya yi hasarar sulusin ƙarfinsa ba tare da komai ya lalace ba.

Na biyu lodi. Tirelar da dokar yawancin ƙasashen Turai ta ƙayyade wa tan 40, har da nauyin jikinta, ita ce ake ɗora wa abin da ya zarce haka a nan. Na uku kuwa tafiyar hawainiya: hawan tsaunukan da ke tsakanin Akwanga da Lafiya da na kewayen Inugu, tsayawa a shingayen hanya, da cunkoson shiga gari. Ambaliyar 2012 da ta 2022, waɗanda suka tare hanyar Abuja zuwa Lakwaja a wajen Koton Ƙarfe, sun bar manyan motoci cikin jerin gwano na kwanaki.

Aikin famfo

Daga cikin ƙarfin man gas da inji ke ƙonawa, abin da ke zama tafiya bai kai rabi ba. Sauran zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani kuma dole ruwa ya ɗauke shi. Famfon ruwa shi ne ke tura ruwan ya zagaya jikin inji da kansa, ya kai shi lagireto inda fanka da iskar hanya ke huce shi, sa'an nan ya dawo da shi. A cikinsa akwai farfela da ke juyawa a kan boris, da kuma robar da ke hana ruwa fita. Inji ne ke juya shi, ta hanyar fambel ko ta haƙoran giya.

A nan ne sirrin yake. Tun da inji ne ke juya famfo, gudun ruwa na bin gudun inji. Motar da ke hawan tudu da lodi a babbar giya tana haifar da zafi mai yawa a daidai lokacin da famfo da fanka ke juyawa a hankali. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke sauko da giya tun kafin allurar zafi ta motsa, domin inji ya ɗaga murya, ruwa da iska su ƙara gudu.

Famfo ba ya mutuwa ba tare da sallama ba. Akwai wata 'yar kafa a ƙasansa da aka yi musamman domin ta nuna yoyo idan robar ciki ta gaji. Ɗigon ruwa ko busasshen tabo a wurin, ƙarar boris, girgiɗin farfelar fanka idan aka taɓa ta da hannu inji na kashe, da yawan neman ƙarin ruwa, duka alamu ne. Akwai kuma wadda ido ba ya gani: tsatsa kan cinye fikafikan farfelar ciki, famfo na juyawa amma ba ya tura komai.

Shin babban famfo magani ne?

Famfon da aka ƙera domin aiki mai nauyi, mai ƙarin fikafikai ko wanda ratar da ke tsakanin farfela da jikinsa ta fi matsewa, yana tura ruwa fiye da na yau da kullum a lokacin da inji ke tafiya a hankali. Ga motar da ke yawan hawan tudu da lodi ko kwana cikin cunkoso, wannan riba ce ta gaskiya, muddin an ƙera shi ne domin wannan samfurin inji. Maganar da wasu ke yi cewa ruwa mai gudu ba ya samun lokacin hucewa a lagireto ba ta da tushe, domin ƙarin gudun ruwa yana daidaita zafi a sassan inji ne.

Sai dai famfo ba ya huce ruwa, kai shi kawai yake yi inda za a huce shi. Idan bututun lagireto sun toshe da gishirin ruwan rijiya, ko fuskarsa ta cushe da ƙurar hunturu da ƙwari da baƙin mai, ko fambel ya saki, ko fanka ba ta kamawa, to sabon famfo zai riƙa zagayawa da ruwan zafi ne kawai, tsugune ba ta ƙare ba.

Haka kuma akwai dabarar da wasu kanikawa ke yi ta rage girman ƙarfen da bel ke hawa domin famfo ya ƙara gudu. Tana iya taimakawa a cikin gari, amma a kan babbar hanya famfon da ya wuce ƙa'ida kan haifar da kumfar tururi a bakin farfela. Kumfar na rage ruwan da ake turawa, kuma fashewarta na ƙwaƙule ƙarfe sannu a hankali.

Abubuwa biyu masu araha sun fi shafar lamarin fiye da yadda ake zato. Na ɗaya murfin lagireto. Ruwa a buɗe yana tafasa ne a digiri 100, amma murfi mai lafiya yana matse shi ta yadda zai iya haura 110 bai tafasa ba. Murfin da robarsa ta mutu, ko tsumman da aka cusa a madadinsa, ya zubar da wannan kariya. Na biyu tamostat, wato ƙaramar ƙofar da ke buɗewa idan ruwa ya kai wajen digiri 80. Al'ada ce a garejin ƙasar nan a cire ta da sunan ta ƙasar sanyi ce. Alhali a yawancin manyan injuna, ita ce kuma ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. Idan aka cire ta, wani kaso na ruwan zai riƙa kauce wa lagireto a lokacin da aka fi bukatar hucewarsa, sa'an nan da safe inji ya daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai.

Daɗin daɗawa, ruwan da ake zubawa ma abin lura ne. Ruwan rafi ko na rijiya na barin gishiri da tsatsa. Ruwan sanyaya inji na kanti kuwa yana ɗauke da sinadarin da ke kare ƙarfe da robar famfo, kuma ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba.

Kasuwa da lissafi

Mai neman famfo a Ikoku, ko Nkpor da Mgbuka Obosi a gefen Anaca, ko Nkwo Nnewi, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, zai tarar da kashi uku: sabo na kamfanin da ya ƙera injin ko na wani sanannen kamfani, na kwance da ake kira Baljiyam, da kuma sabo mai araha wanda kwalinsa ya fi cikinsa kyau. Na kwance ƙarfensa na da inganci, amma ba wanda ya san yawan tafiyar da borisinsa ya yi. Jabu kuwa ba ya nuna halinsa a shago sai a kan tudu. Hanyar kariya ita ce a tafi da lambar inji da tsohon famfon a gwada, a juya sabon da hannu a ji ko yana da sassauci, a kuma saya wurin wanda za a iya komawa gare shi da rasit.

Kuskuren da masu mota da yawa ke yi shi ne auna farashin famfo da farashin wani famfo. Ma'aunin da ya dace shi ne abin da tsayuwar mota a daji ke ci. Inji idan ya tafasa, gasket ɗin kansa ne ke fara ƙonewa, kan injin na iya lanƙwashewa ko ya tsage, in kuma direba ya matsa, fistin ya kama, inji ya buga. A kan kuɗin wannan gyara sai a ɗora kuɗin janwe, da hayar wata motar da za a juye kaya, da ladan masu juyewa, da kwanakin da mota za ta yi ba ta kawo ko kwabo ba. Sa'an nan a zo ga kayan kansu: tumatir ba ya jira, dabbar da ta galabaita kuma farashinta ya faɗi, wadda ta mutu ba a yanka ba ta tafi ke nan. A ƙarshe akwai amana, domin dillalin da aka saɓa wa ranar kasuwa sau biyu zai nemi wata motar.

Wannan lissafi bai tsaya kan mai mota kaɗai ba. Ɗan kasuwar da ke ɗaukar shata yana da haƙƙin ya tambayi lafiyar motar kafin a yi lodi, domin a mafi yawan irin wannan ciniki babu inshorar kaya, kuma idan hasara ta auku sai dai a zauna gaban shugabannin kasuwa a yi sulhu. Motar da kuɗin shatarta ya fi sauƙi ba lalle ne ita ce mafi araha ba.

Saboda haka tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara daga mai sauƙi: a wanke lagireto ciki da waje, a duba murfi da tiyo da fambel da fanka, a mayar da tamostat, a tabbatar allurar zafi na aiki. Idan an yi wannan kuma famfo ya nuna gajiya, ko aikin motar ya fi na yau da kullum nauyi, to a sa mai ƙarfi na ƙwarai. Direba kuma ya san cewa ba a buɗe murfin lagireto yana tafasa, ba a kuma kwarara wa inji mai zafi ruwan sanyi.

Lokacin yin wannan duka shi ne ranakun da mota ke jiran lodin komawa a Diobu, ko kafin kakar tumatir ta kankama a Kadawa. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.