Tsohuwar Kyamara Mai Cin Fim: Aikinta da Dalilin Tara Ta

Wanda duk ya shiga falon wani tsohon ma'aikacin En'e a Kano ko Zariya, da wuya ya rasa ganin hoto fari-da-baƙi a rataye jikin bango, ko dai na ranar kama aiki, ko na hawan Salla. Hoton ake kallo, ba a cika tambayar inda na'urar da ta ɗauke shi ta shiga ba. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan waccan na'ura, watau kyamara mai cin fim wadda ake sarrafawa da hannu, da kuma dalilin da ya sa wasu ke bi kasuwa-kasuwa suna tara ta a zamanin da wayar hannu ta mai da kowa mai hoto.

Asalin kyamara akwati ce wadda haske ba ya shiga sai ta ƙofa guda. A bakin ƙofar akwai ido na gilashi, a bayansa akwai ƙyaure mai buɗewa ya rufe cikin ƙiftawar ido, sa'an nan can ƙurya fim yana shimfiɗe. Shi fim leda ce da aka shafe da gishirin azurfa, wanda in haske ya taɓa shi sai ya bar sawu, amma ido ba ya ganin sawun sai an wanke. Abubuwa uku ne ke hannun mai ɗauka: nisan abin da zai ɗauka, da faɗin ƙofar haske, da tsawon lokacin da ƙyaure zai yi a buɗe. Faɗin ƙofa ana auna shi da lambobi kamar 4 da 5.6 da 8 da 11 da 16, kuma duk sa'ad da aka matsa gaba da lamba ɗaya, hasken da ke shiga ya ragu da rabi. Haka kuma in aka tashi daga kashi 1 cikin 125 na daƙiƙa zuwa kashi 1 cikin 250. Saboda haka tsofaffin masu hoto ke da ƙa'idar da suka haddace: in rana ta take, fim kuma mai lamba 100 ne, a sa ƙofa a 16, ƙyaure a 125. A ƙasa mai rana irin ta Hausa ƙa'idar ba ta cika ba da kunya ba, sai fa lokacin hazo, inda akan buɗa ƙofar zuwa 11 ko 8.

George Eastman na Amurka shi ya fitar da kyamarar Kodak a 1888, sa'an nan a 1900 kamfaninsa ya kawo Brownie a kan dala ɗaya, har talaka ya iya saye. A 1925 aka fara sayar da Leica a Jamus, ƙirar Oskar Barnack, wadda ta ɗauko fim ɗin silima mai faɗin milimita 35 ta sa shi cikin na'urar da ke shiga aljihun riga. Rolleiflex mai ido biyu ta biyo baya a 1929, Japan kuma ta karɓe kasuwa bayan fitowar Nikon F a 1959.

Waɗannan na'urori sun yi aiki sosai a Afirka ta Yamma. Seydou Keita na Bamako ya fara da Brownie da kawunsa ya ba shi a 1935, ya buɗe shagonsa a 1948. J. D. Okhai Ojeikere na Nijeriya shi ma da Brownie ya fara a 1950, kuma daga 1968 ya shiga ɗaukar salon kitson mata, har ya tara wajen hoto dubu. Malick Sidibe kuwa, ban da ɗaukar hoto, gwanin gyaran kyamara ne, kantocin shagonsa a Bamako cike suke da tsofaffi. Akwai wani abin lura game da Rolleiflex da irin su Sidibe suka riƙe: a ƙirji ake riƙe ta, mai ɗauka ya sunkuya yana duba ta sama. Ke nan ba ya ƙura wa mutum ido, kuma ga al'ummar da ta ɗauki kunya da muhimmanci, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga amarya ko dattijo.

Abin mamaki, a cikin kamfanin Kodak ne wani injiniya, Steven Sasson, ya haɗa kyamara marar fim a 1975, ita ce kuwa ta zo ta ci kasuwar gidan. An daina yin fim ɗin Kodachrome a 2009, kamfanin kuma ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2012. Da yawa sun ɗauka magana ta ƙare. Sai ga shi a 2018 Kodak ya dawo da fim ɗin Ektachrome, a 2022 aka sake ƙera Leica M6, a 2024 kuma Pentax ta fito da sabuwar kyamara mai cin fim. A 2022 ɗin ne aka yi gwanjon wata Leica ta gwaji ƙirar 1923 a kan Yuro miliyan 14.4.

Masu tarawa iri biyu ne. Akwai mai bin lambar jiki da shekarar ƙira, ya saya ya kulle a kabad na gilashi. Akwai kuma mai saye don ya ɗauki hoto, wanda hujjarsa ita ce da tsohuwar zuma ake magani: fim mai hoto 36, ko 12 a Rolleiflex, yana tilasta wa mutum ya natsu kafin ya danna. Na biyun ya fi yi wa na'urar adalci, domin kyamarar hannu 'yar'uwar agogon wani ce, da ƙananan haƙora da waya mai naɗewa take aiki, in ta daɗe a ajiye mai ya daskare, ƙyaure ya riƙa jinkiri. Wannan gini shi ne kuma sirrin tsawon ranta. Pentax K1000, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1976 zuwa 1997, ba ta bukatar batir sai don ma'aunin haske, alhali Canon AE-1 ta 1976 in batir ya mutu ba ta motsi, in kuwa kayan lantarkinta suka lalace samun madadinsu aiki ne.

Mai saye a wannan yanki yana da abokan gaba uku, kowanne da lokacinsa. Da damina laima kan sa fumfuna ta tsiro cikin ido kamar yanar gizo, in ta daɗe har ta ci gilashin, don haka akan haska fitila ta cikin idon kafin a biya kuɗi. Da hunturu ƙura ke shiga ta karce fim. Da bazara kuma zafi ke ɓata fim tun yana cikin kwali, shi ya sa ake ajiye shi a firji. Daɗin daɗawa, soson da ke toshe bakin murfin baya yakan narke da tsufa, haske ya sato hanya ya ƙona hoton. Ma'aunin haske na tsofaffin kyamarori da yawa kuma an yi shi ne don batir mai zaiba, wanda aka hana sayarwa saboda gubarsa, kuma na yanzu ya ɗan fi shi ƙarfi, sai awon ya kauce.

Sai dai akwai abin da ya fi kyamarar kanta saurin salwanta, watau nagatif. Keita ya adana dubban nasa bayan ya rufe shago, shi ya sa da aka neme shi a farkon shekarun 1990 aka iya sake wanke hotunan, aka nuna su a Faris a 1994. In tsohon mai hoto ya rasu, magada sukan ga darajar kyamara su kai ta kasuwa, kwalin nagatif kuwa a bar wa gara da yoyon ɗaki, alhali a cikinsa ne ake samun ɗinkin riguna da naɗin rawani da fasalin tituna na shekara hamsin da suka wuce. Mai nazarin al'ada da ya ci karo da irin wannan kwali, abin da ya kamata ya fara yi shi ne ya raba nagatif ɗin cikin ambulan na takarda, ya rubuta sunan gari da na mai shagon da shekarar da aka tuna, ya ajiye su wuri mai sanyi marar laima, kuma ya ware duk wanda ya fara warin tsami, domin wannan wari alama ce ta ledar ta soma ruɓewa, kuma tana harbin na kusa da ita.