Yadda "Sorry" Ke Cinye Gurbin "Sannu" da "Yi Haƙuri"

A layin banki a Kano, ko cikin A Daidaita Sahu, idan saurayi ya taka ƙafar wani, abin da ke fitowa daga bakinsa tun kafin ya yi tunani shi ne "sori". Yarinya ta fasa kofi, "sori Mama". Ma'aikaciyar jinya tana ɗinke wa yaro goshi tana cewa "sori, sori, an kusa gamawa". An yi wa abokin aiki rasuwa, sai saƙonni su cika WhatsApp: "sorry for the loss". Wurare huɗu ke nan da Bahaushe yake da maganar da ta dace da kowanne, amma kalma ɗaya ta Turanci ta shige ta zauna a dukkansu. A da sai a bakin 'yan boko ake jin ta. Yanzu mai POS da ɗan acaɓa da mai kitso duk suna faɗin ta a tsakiyar Hausarsu.

A wurin masu harshen, aikinta ya ɗan bambanta da namu. Baturen Ingila yana cewa "sorry" idan ya yi laifi, ko zai ratsa cikin jama'a, ko bai ji abin da aka ce ba yana so a maimaita, ko yana jajanta babban rashi. Amma in shi ya yi tuntuɓe da kansa, kai da ke gefe ka ce masa "sorry", sau da yawa zai amsa maka da cewa ai ba laifinka ba ne, domin a kunnensa kalmar tana ɗauke da amsa laifi. Nauyin nan ya kai har sai da dokoki suka shiga maganar: a 2006 dokar diyya ta Ingila ta bayyana cewa ba da haƙuri shi kaɗai ba ya nufin mutum ya amsa sakaci, lardin Ontario na Kanada ma ya yi irin wannan doka a 2009. Mu kuwa a Najeriya mun ɗora wa kalmar aikin "sannu", kamar yadda Bayarabe ya ɗora mata "pele", Ibo kuma "ndo". Saboda haka "sori" ɗin da ya shigo Hausa Turancin Najeriya ne, ya riga ya sha ruwan harsunanmu kafin ya iso.

Makaranta ce ƙofa ta farko. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya tanadi a koyar da yaro da harshen gida a shekarun farko na firamare, amma makarantun kuɗi da suka cika birane ba su bi wannan ba. Tun daga nazare ake haddasar da yaro "please" da "thank you" da "sorry", a wasu wuraren har tara ake cin wanda ya yi Hausa a aji. Idan yara biyu suka yi faɗa, malama za ta kama hannun ɗaya ta ce ya faɗa wa ɗan'uwansa "sorry". Yaron da ya koyi ba da haƙuri ta wannan hanya, da ita zai koma gida.

Wayar salula ta ƙara wa abin gudu. Tun zuwan GSM a 2001, lokacin da saƙon tes ɗaya bai wuce haruffa 160 ba kuma kowanne da kuɗinsa, mutane suka saba da gajarta magana. "Sorry" haruffa biyar ce, "don Allah ka yi haƙuri" kuwa jimla ce, ga ƙ mai lanƙwasa da madannin tsofaffin wayoyi ba su da ita. Finafinan Kannywood su ma sun taimaka, inda ake nuna ɗan gayu da 'yar masu kuɗi da Ingausa a baki. Sai kuma zaman cakuɗa a Sabon Garin Kano da Kaduna da Jos da Abuja, inda ake bukatar kalmar da kowa zai gane ba tare da an tambayi yarensa ba. A Maradi da Damagaram "pardon" ta Faransanci ce ke irin wannan aiki, abin da ke nuna harshen makaranta da ofis ne ke jan akalar.

Akwai wani dalili da ya fi waɗannan zurfi, shi ne kunya da girman kai. A al'adarmu yana da wuya magidanci ya dubi matarsa ya ce "na yi kuskure, ki yafe min", ya fi wuya uba ya faɗa wa ɗansa haka. "Sori" ba ta da wannan nauyi a harshe. Mutum zai furta ta bai ji ya zubar da girmansa ba. Nan ne amfaninta yake, kuma ba ƙarami ba ne: gidaje da yawa da a da maigida zai yi laifi ya wuce shiru, sai dai ya shigo da tsire da daddare a madadin magana, yanzu ana jin wani abu ya fito daga bakinsa. A asibiti ma, inda likita Bayarabe ke duba tsohuwa Bahaushiya, "sori Mama" tana isar da tausayi nan take.

Sai dai wannan sauƙin shi ne kuma matsalarta. Hausa ta rarrabe abubuwan da "sori" ke haɗewa. "Sannu" ta wanda ya ji ciwo ce ko ya gaji, babu batun laifi a ciki. "Yi haƙuri" roƙo ne ga wanda ransa ya ɓaci. "Na tuba" da "ka yafe min" amsa laifi ne ƙarara, kuma suna neman amsa: wanda aka ɓata wa zai ce "na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya", ko ya yi shiru, shirun nan kuma kowa ya san ma'anarsa. Idan direban da ya buge maka mota ya leƙo ya ce "sori", ba ka san ko yana cewa shi ya jawo ba ne ko yana tausaya maka ne kamar ɗan kallo. Shi ma sau da yawa ya fi so kada ka sani. Gaskiya ne "a yi haƙuri" ta daɗe tana yi wa masu mulki da 'yan kasuwa irin wannan aiki, tana ɗora wa wanda aka cuta nauyin danne zuciya ba tare da an ce wane ne ya yi laifin ba, don haka zillewa ba Turanci ne ya koya mana ba. Amma a da, in an matsa, akwai kalmar da za a nemi mutum ya furta.

Inda abin ya fi damuna shi ne ta'aziyya. Gaisuwar mutuwa a Hausa addu'a ce: "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi." Mai gaisuwa ya ce "ya haƙuri?", mai amsawa ya ce "da godiya". Mamaci yana da rabo a cikin maganar. "Sorry for the loss" tana magana ne da mai rai kaɗai, ta bar wanda ya tafi babu ko kalma ɗaya. A zauren zaman makoki dai har yanzu ba ta samu shiga ba, domin babu wanda zai durƙusa gaban dattawa ya faɗe ta, haka ma a zaman sulhu gaban mai unguwa. Amma yawancin gaisuwar matasa yanzu ta waya ake yin ta, can kuma babu dattijon da zai gyara wa kowa.

Manya da ke cewa "sori" suna da duka biyun a baki, sun san lokacin da za su ajiye ta su ɗauko "ki gafarce ni". Yaran da ke tasowa a gidajen da Turanci ya fi yawa su ne ba su da wannan zaɓi. Ɗaya ya ce "sorry", ɗayan ya ce "it's okay", magana ta ƙare, kuma akwai daga cikinsu waɗanda za su gama firamare ba a taɓa roƙonsu yafiya da Hausa ba, balle su san yadda ake amsawa.