Kakar Ƙwallo Ta 2009/2010: Gwanin Ci Na Kano, Kofi Kuwa Ya Tafi Aba

Duk mai sauraron labarin wasanni a rediyo ya sha jin ana cewa ƙungiya kaza tana da maki kaza, ko kuma ƙungiya kaza ta faɗa rukuni na ƙasa. A Zagga da Bagudo da Kaoje da Illo, samari kan yi ta gardama a kan wannan a teburin mai shayi. Wani ya ce ƙungiyar da ta fi zura ƙwallo ita ce zakara. Wani ya ce a'a, wadda ba a cin ta a gida ita ce. Abin da ya faru a gasar Firimiya ta Nijeriya a kakar 2009/2010 ya isa ya raba wannan gardama. A wannan kaka, ƙungiyar Kano Pillars tana da ɗan wasan da ya fi kowa cin ƙwallo a ƙasar nan. Kuma babu wanda ya doke ta a gida ko sau ɗaya. Amma duk da haka ta biyu ta zo. Ƙungiyar Enyimba ta garin Aba a Jihar Abiya ita ta ɗauki kofi.

Mene Ne Lig?

Gasar ƙwallon ƙafa iri biyu ce. Akwai ta sili-ɗaya-ƙwale, wadda take kamar kokawa: wanda aka kayar ya fita fili, ba zai sake shiga ba sai wata shekara. Akwai kuma lig. Shi lig kamar noma yake. Ba a rana ɗaya ake gane manomin kirki ba, sai an yi shuka, an yi noman farko da maimai, an yi girbi, sannan a ƙidaya damman kowa. Ba banza ba ne Bahaushe ke kiran shekarar gasa da sunan kakar wasa.

A kakar 2009/2010 ƙungiyoyi 20 ne suka shiga. Kowace ƙungiya sai ta kara da sauran 19 sau biyu, sau ɗaya a garinta, sau ɗaya a garinsu. Watau kowace ƙungiya tana da wasa 38. Idan aka tara duka, wasa 380 ke nan. An fara a shekarar 2009, ba a gama ba sai cikin 2010.

Lissafin maki ba wuya. Wanda ya ci wasa yana samun maki 3. Idan an yi kunnen doki, kowa ya ɗauki maki 1. Wanda aka cinye ba shi da komai. A lura da kyau: ko da ci ɗaya ba ko ɗaya aka yi nasara, ko da ci biyar ba ko ɗaya, maki ukun dai ne. Ga misali. Ƙungiya ta farko ta yi wasa uku, kowanne ta ci da ƙwallo ɗaya tak. Ƙwallayenta uku, makinta 9. Ƙungiya ta biyu ta lallasa wata da ci biyar, sannan aka cinye ta a wasa biyu. Ƙwallayenta biyar, makinta 3. Ta biyun ce za a yi ta labarinta a kasuwa, amma ta farkon ce a sama.

Yaron Da Ya Karya Tarihi

Kafin shekarar 1990 akwai lig a Nijeriya. An fara shi tun 1972, kuma Mighty Jets ta Jos ce ta fara cinyewa. Wata ƙungiyar Kano mai suna Raccah Rovers ta ci a 1978. Amma ranar 12 ga Mayu, 1990, a filin wasa na Onikan a Ikko, aka buɗe gasar ƙwararru. Ma'anar wannan ita ce ƙwallo ta zama sana'a. Ɗan wasa zai sa hannu a takardar yarjejeniya, a riƙa biyan sa albashi kamar kowane ma'aikaci. A shekarar ne kuma aka kafa Kano Pillars, bayan an haɗe wasu ƙungiyoyi uku na Kano wuri guda.

A waccan kaka ta farko, wani ɗan wasa mai suna Ishaya Jatau na ƙungiyar Iwuanyanwu Nationale ta Owerri ya ci ƙwallo 17. Shekaru suka yi ta wucewa ba wanda ya haura wannan adadi. Sai bayan shekara 20 aka sami wani yaro haifaffen Jos, Ahmed Musa, yana sanye da rigar Kano Pillars. An haife shi a watan Oktoba na 1992, watau yawancin wasannin kakar ya buga su yana ɗan shekara 17. Siriri ne, ba shi da jiki, amma idan ya ɗauki ƙwallo da gudu sai dai a bi shi da kallo. Kafin kaka ta ƙare ya zura ƙwallo 18 a raga.

Kanawa suna da dalilin sa rai. Ƙungiyarsu ta ci lig karo na farko a 2008. A 2009 kuma ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe. Ga kuma gida. Tun daga shekarar 2003 ba a ci Pillars wasan lig a gidanta ba, kuma haka abin ya ci gaba har zuwa 2015, lokacin da Nasarawa United ta doke ta da ci 2 da 1. Wasa 202 ke nan a jere, cikin shekara 12.

To, me ya hana ta kofi?

Gida Kaɗai Ba Ya Cika Rumbu

Amsar tana cikin lissafi. Wasannin gida 19 ne kawai. Ko da ƙungiya ta cinye su duka, maki 57 za ta tara. Sauran maki 57 suna can a garuruwan mutane. Kuma rashin shan kashi a gida ba shi ne cin kowane wasa ba. Duk ranar da baƙi suka riƙe mai gida aka tashi kunnen doki, mai gida ya yi asarar maki biyu, ko da 'yan kallo sun koma gida suna cewa ai ba a ci mu ba.

A lig ɗin Nijeriya, cin wasa a waje abu ne mai wuyar gaske. An daɗe da sanin haka. Kusan kowace ƙungiya zaki ce a gidanta. Dalilan suna da yawa. Na farko tafiya. Daga Kano zuwa Aba ko Fatakwal ko Warri tafiyar yini guda ce cur a mota, wani lokaci har da kwana a hanya. Ɗan wasa zai sauka da ciwon baya da kumburin ƙafa, ya tarar da wani irin abinci da wani irin yanayi, ga ruwan sama ya jiƙa fili. Hanyar ma ba ta da tabbas: a watan Maris na 2015 'yan fashi sun tare motar Pillars tana kan hanyar zuwa Owerri, suka ji wa 'yan wasa biyar rauni. Na biyu kuma 'yan kallo. Alƙalin wasa mutum ne. Idan dubban mutane suka kewaye shi suna ihu, ba kowane ne zai iya hura usur a kan mai gida ba. Wannan kuwa ba abin alfahari ba ne ga kowa.

Saboda haka, tunda kowa na cin wasansa na gida, bambanci yana fitowa ne daga ɗan abin da aka tsinto a waje. Kunnen doki ɗaya a Gombe, wani a Ilori, nasara guda a Makurɗi, su ne ke haɗuwa su zama kofi a ƙarshen kaka. Da ɗiga-ɗiga tulu ke cika. Enyimba ta san wannan hanya sarai. Kofin 2010 shi ne na shida a wurinta, bayan na 2001, 2002, 2003, 2005 da 2007. Da aka ƙidaya maki bayan wasa 38, nata ya fi na Pillars. Ƙwallaye 18 na Ahmed Musa sun ba shi lambar yabo ta kansa, amma teburi ba ya tambayar wa ya ci, maki kawai yake ƙirgawa.

Ga wani abin da zai ƙara fito da bambancin gasar nan biyu. A wannan shekara ta 2010, Enyimbar nan ta kai wasan ƙarshe a gasar sili-ɗaya-ƙwale, wadda dattawa suka fi sani da Kofin Ƙalubale. Kaduna United ta doke ta a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Rana ɗaya ta ishi Kaduna ta ɗauki wancan kofi. Shi kuwa na lig sai da aka yi watanni ana tarawa.

Zuwa na biyu ba faɗuwa ba ce. Ta ɗaya da ta biyu, Enyimba da Pillars, su suka wakilci Nijeriya a gasar zakarun Afirka ta 2011.

Wutsiyar Teburi

Kowa idonsa na kan saman teburi, alhali kuwa a ƙasa ake kuka na gaske. Ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe ana saukar da su zuwa rukuni na biyu, wasu huɗu daga can su hau. Ga ɗan wasa, wannan magana ce ta abinci. Yawancin ƙungiyoyin nan gwamnatocin jihohi ne ke riƙe da su. Idan ƙungiya ta faɗa, kuɗi kan ragu, a sallami 'yan wasa, masu sayar da ruwa da gyaɗa a bakin fili su ma su ji a jikinsu.

A kakar 2009/2010 abin mamaki ya faru a nan. Bayelsa United ita ce ta ci lig a 2009. Shekara ɗaya kacal bayan haka, tana cikin waɗanda suka faɗa. Makin bara ba ya bin ƙungiya zuwa bana. Kowace kaka daga sifiri kowa ke farawa.

Idan ƙungiya biyu suka yi daidai a maki, sai a duba rarar ƙwallaye. A ɗauki ƙwallayen da ƙungiya ta ci, a debe waɗanda aka zura mata. Wadda ta ci 40 aka ci ta 30, rararta 10. A nan ne kawai yawan ci ke da amfani, kuma a nan ne masu son zuciya kan yi maguɗi. A watan Yuli na 2013, a wata gasar neman hawa ta ƙananan ƙungiyoyi a Bauci, ƙungiya biyu suna neman wuce juna da rarar ƙwallaye. Ɗaya, Plateau United Feeders, ta ci wasanta 79 ba ko ɗaya. Ɗayar, Police Machine, ta ci nata 67 ba ko ɗaya. Duniya ta yi ta dariya. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya ta haramta wa 'yan wasan da ke ciki buga ƙwallo har abada.

Mai karatu zai iya duba teburin da kansa a jarida ko a waya, ko da bai iya Turanci ba. Haruffa ne a jere a sama. P yawan wasannin da aka buga. W waɗanda aka ci. D kunnen doki. L waɗanda aka sha kashi. GD rarar ƙwallaye. Pts kuma maki. A ninka abin da ke ƙarƙashin W sau uku, a ƙara abin da ke ƙarƙashin D, za a sami makin. Wannan aikin lissafi ne mai kyau ga ɗaliban ajin yaƙi da jahilci. Idan lissafin bai fito daidai ba, to wataƙila hukuma ta zabge wa ƙungiyar maki ne saboda wani laifi.

Daga Bakin Iyaka Zuwa Firimiya

A kakar 2009/2010 babu ƙungiya daga Jihar Kebbi a cikin ashirin ɗin. Mafi kusa ita ce Zamfara United ta Gusau. Hawa Firimiya kamar hawa tsani ne. Ana farawa daga gasar ƙaramar hukuma da ta jiha, zuwa rukunin ƙananan ƙungiyoyi na ƙasa, zuwa rukuni na biyu, inda Kebbi United ta Birnin Kebbi ta taɓa bugawa. 

Akwai darasi ga iyaye a yadda Ahmed Musa ya fita waje. Ƙungiyar VVV Venlo ta ƙasar Holan ta ɗauke shi a 2010, amma sai da ya jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba kafin ya fara buga mata. Dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta hana a kai yaron da bai kai 18 ba wata ƙasa don buga ƙwallo, sai da wasu 'yan dalilai ƙalilan. Dokar ta shafi Jamhuriyar Benin kamar yadda ta shafi Turai. Mutum kan ƙetara daga Tsamiya zuwa Segbana cin kasuwa ya dawo a ranar. Amma Benin tana da nata lig da tata hukuma, kuma ɗan wasa mai rajista ba zai koma wata ƙungiya a can ba sai da takardar izini daga hukumar Nijeriya. Don haka duk wanda ya zo ƙauye yana neman a sayar da sa ko gona a ba shi kuɗi zai kai yaro ƙwallo ƙasar waje, a nemi ya nuna takarda, a kuma sami wanda zai karanta ta daga farko har ƙarshe kafin kowa ya dangwala hannu.

Ahmed Musa ya wuce daga Holan zuwa Rasha, sannan Ingila da Saudiyya. Ya ci wa Nijeriya ƙwallo biyu a ragar Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya sake cin biyu a ragar Iceland a 2018. Tarihin da ya kafa a gida bai daɗe ba: a kaka ta gaba Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20, sannan Mfon Udoh na Enyimba ya ci 23 a 2014. Ita kuwa Pillars, bayan tafiyarsa ne ta ci lig sau uku a jere, a 2012, 2013 da 2014. A 2022 aka zabge mata maki 3 saboda rikicin magoya baya a wasanta da Katsina United, kuma a ƙarshen wannan kaka ta faɗa rukuni na biyu. Ta dawo Firimiya a 2023.