Auren Jinsi Ɗaya da Cocin Jos: Abin da Alƙaluma Suka Nuna

Kashi 97 cikin ɗari na 'yan Najeriya ba su yarda a halatta auren jinsi ɗaya ba, kashi 2 ne suka yarda. Wannan shi ne sakamakon binciken da Cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2023. A cikin ƙasashe da yankuna 32 da aka kwatanta, Najeriya ce ta zo ƙarshe wajen goyon baya. Kenya na da kashi 9, Afirka ta Kudu 38, Amurka 63, Suwidin 92.

Da aka raba adadin bisa addini, kashi 97 na Kiristoci da kashi 98 na Musulmi ne suka ƙi. Tazarar kashi 1 ba ta kai kuskuren da ake ware wa irin wannan ƙuri'a ba, wato a lissafi babu bambanci. Alƙaluman na ƙasa baki ɗaya ne, amma sun fi ɗaukar hankali a Jos, hedikwatar cocin ECWA da na COCIN, inda unguwanni da kasuwanni suka rabu bisa addini tun rikicin Satumban 2001. Batutuwa kaɗan ne ke haɗa ɓangarorin biyu kamar wannan.

Tambayar aure daban take da ta ko ya kamata al'umma ta karɓi masu luwaɗi da maɗigo. A kan ta biyun, Pew ta sami kashi 98 da suka ce a'a a 2013, sannan kashi 91 a 2019. A binciken 2019, kashi 6 na Kiristoci da kashi 8 na Musulmi ne suka ce a karɓe su.

Shekara 14 a gidan yari ita ce hukuncin ƙulla irin wannan aure a dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014. Wanda ya zama shaida, ko ya taimaka, ko ya kafa ƙungiyar masu wannan hulɗa, shekara 10. Jihar Filato ba ta cikin jihohin Arewa 12 masu aiki da dokokin hukunci na Shari'a, ko da yake maƙwabtanta Bauchi da Kaduna na ciki, amma dokar tarayya ta shafe ta kamar kowace jiha. Ignatius Kaigama, Babban Bishop na Katolika a Jos daga 2000 zuwa 2019, shi ne shugaban majalisar bishop-bishop na ƙasa a lokacin, kuma ya rubuta wa Jonathan wasiƙar yabo. Ƙuri'ar NOIPolls ta nuna kashi 87 na goyon bayan dokar a 2015, da kashi 90 a 2017.

Mutum 47 aka gurfanar a Legas a 2019, shari'ar da aka bayyana a matsayin ta farko a ƙarƙashin dokar. Babbar Kotun Tarayya ta kore ta a Oktoban 2020 saboda masu gabatar da ƙara ba su bi ta yadda ya kamata ba.

Rabuwar da ake gani a fili tana tsakanin cocin Najeriya da takwarorinsa na Turai. A taron Lambeth na 1998, bishop-bishop na Angilikan 526 suka amince da ƙudurin da ya taƙaita aure ga namiji da mace, 70 suka ƙi, 45 suka ƙaurace; masu amincewa sun kai kusan kashi 82. Bayan shekara 25, a Fabrairun 2023, majalisar Cocin Ingila ta amince da addu'ar sa albarka ga ma'auratan jinsi ɗaya da ƙuri'a 250, yayin da 181 suka ƙi. Rinjayen bai zo daidai a kowane rukuni ba: bishop-bishop 36 da 4, limaman coci 111 da 85, sauran mabiya 103 da 92. Ƙuri'a 11 kacal ce tazarar a rukunin mabiya, abin da ke nuna shugabannin sun fi jama'arsu karkata ga sauyin.

Wakilai kimanin 1,300 daga ƙasashe 52 ne suka mayar da martani a taron ƙungiyar Angilikan ta GAFCON a Kigali a Afrilun 2023, inda suka daina ɗaukar Babban Bishop na Kantabari a matsayin jagora. Babban sakataren ƙungiyar a lokacin shi ne Benjamin Kwashi, wanda ya zama Bishop na Angilikan a Jos a 1992.

A ɓangaren Katolika, fadar Fafaroma Francis ta ba da izinin sa wa ma'auratan jinsi ɗaya albarka a ranar 18 ga Disamban 2023, bisa sharaɗin kada ta yi kama da ɗaurin aure. Cikin 'yan kwanaki bishop-bishop na Najeriya suka sanar cewa ba za a yi ta a cocinsu ba, kuma majalisar bishop-bishop ta Afirka, SECAM, ta ɗauki wannan matsayi a ranar 11 ga Janairun 2024.