Tayil ya shigo, makuba ta fita: nazari kan daɓen zamani a yankin Kende

A gidajen da ake ginawa yanzu a Kende, Kaoje, Illo da garin Bagudo, da wuya mai gida ya ce aiki ya ƙare bai ga tayil a ƙasa ba. Tayil ya shiga masallatai da shaguna, ya shiga ɗakin amarya, inda ya kusa zama sharaɗi kamar gado da katifa.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Akwai kuɗin shinkafa, musamman bayan da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015. A shekarar ce kuma bankin ya sa tayil cikin kaya 41 da ya daina ba masu shigo da su dala, matakin da ya ci gaba har Oktoban 2023. Wannan ya buɗe kasuwa ga masana'antun cikin gida na Ajaokuta da jihar Ogun. Da aka rufe iyakoki a Agustan 2019, har da hanyoyin Lolo da Tsamiya masu shiga Jamhuriyar Benin, sai ido ya ƙara komawa kan na gida. Sauran dalilin kuwa ido ne: maƙwabci ya sa, kai ma sai ka sa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da aka yar a hanya. Kakanninmu mata ba su ɗauki daɓe a matsayin gamamme ba sai ya sha makuba. A zuba tsakuwa, a bi ta da madaɓi ana waƙa, sannan a yayyafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, ko na bagaruwa, har ƙasa ta yi tauri ta daina shan ruwa. Sun san duk abin da ke da ƙofofi sai an toshe shi. Mai sa tayil na yau yana cika layukan da ke tsakani da farin siminti, ya goge da soso, ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Fuskar tayil mai ƙyalli ba ta buƙatar komai, domin an gasa ta ta zama kamar gilashi. Raunin yana cikin layukan nan na farin siminti, waɗanda ke shan ruwa kamar tukunyar ƙasa. Manja ya zuba su sha, miya ta zuba su sha, ƙurar hunturu ta kwanta a bi ta da jiƙaƙƙen tsumma, su sha laka. Kafin shekara ta zagayo fari ya koma baƙi. Daga nan uwargida ta aika a sayo asid, wanda ke haskaka wuri yau ya cinye simintin gobe. Ruwa ya samu hanya, tayil ya fara ƙara kamar ganga in an taka, sai ya ɗago. A zagi kamfani, alhali laifin na layin ne.

Maganin shafawa da ke hana siminti shan ruwa yana nan iri biyu. Ɗaya yana nutsewa ciki bai sauya kama ba, ɗaya yana kwanciya a sama ya yi sheƙi, amma taku na goge shi, kuma yana sa santsi, abin gudu a wurin alwala. Na farkon ya fi dacewa. Ana jira kwana biyu zuwa uku farin simintin ya bushe, a bi layukan da ƙaramin burushi, a goge wanda ya hau fuskar tayil kafin ya daskare. Mabul da sauran duwatsu kuwa duk jikinsu ake shafewa. Gwajin ba ya cin kobo: ɗiga ruwa a layin, in ya tsaya ƙwallo akwai kariya, in wurin ya yi duhu lokacin sake shafawa ya yi.

Sai dai Kende ƙasar fadama ce, yankin da ruwan Rima ke gangarowa ya haɗu da Neja, kuma ba a manta ambaliyar 2020 ba. A nan danshi daga ƙasa yake tasowa, shi ke barin farin gishirin nan a layuka. Shafawa daga sama ba ta tare shi. Tana ma iya kulle shi a ciki. Wanda bai ɗaga harsashi ba, bai shimfiɗa leda kafin zuba kankare ba, kada ya ɓata kuɗinsa a kan magani.

Ga wanda ya yi waɗannan biyun kuwa, ya sa shafe layuka cikin cinikinsa da mai sa tayil tun kafin a fasa kwalin farko, ya kuma riƙe cikon kuɗin aiki har sai ya ɗiga ruwa ya gani da idonsa.