Fim ɗin Yara a Abijan: Ɗalibai Na da Kyamara, Unguwa Na da Gizo

Duk wanda ya leƙa gidajen haya na Adjamé ko Treichville bayan sallar Magariba zai tarar da yara sun yi cincirindo a kan talabijin ko wayar hannu suna kallon majigin zane. Yawanci daga Faransa ko Amurka ko Japan ake kawo shi, kuma da Faransanci yake magana. Yaron da aka haifa a nan yakan tashi da Faransanci da Julanci da Nushi, yaren samarin titi, Hausa kuwa sai ta gaisuwa da ta aike. Ka tambaye shi Gizo da Ƙoƙi, sai ya yi maka kallon baƙo.

A ɗaya gefen kuma, a Cocody, ɗaliban makarantun ISTC da INSAAC suna koyon aikin kyamara da sauti da wasan kwaikwayo, kuma masu neman suna a wannan fage da gajeren fim suke farawa. Akwai ma gasar Clap Ivoire ta matasan masu gajerun finafinai daga ƙasashen UEMOA, har da Nijar. To me zai hana su da mu a haɗa hannu a yi wa ƙananan yara aiki?

Irin wannan haɗin gwiwa ba baƙon abu ba ne a Treichville. A nan ne Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin Moi, un noir na 1958 tare da samarin Nijar 'yan ci-rani. Ya ɗauki hotuna ba sauti, daga baya samarin suka zauna suna kallon kansu suna ɗora magana da bakinsu. Ɗaya daga cikinsu, Oumarou Ganda, ɗan dako ne a lokacin. Shi ne ya koma gida ya zama mai shirya fim, har ya lashe babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Wani ɗan Nijar ɗin, Moustapha Alassane, wanda ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka fara majigin zane a Afirka. A 1966 ya fitar da Bon voyage Sim, labarin shugaban kwaɗi da bai fi 'yan mintoci ba. Nan Abijan ma kamfanin Afrika Toon ya nuna a 2013, da fim ɗin Pokou, cewa labarin gida yana iya jan yara.

Sai dai aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Idan ana sa zane 12 a kowace daƙiƙa, fim na minti 3 kacal yana cin zane 2,160. Ko da kwamfuta ta rage wahala, dole a sami mai rubuta labari, da masu zane, da mai sauti, da mai haɗa hoto. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ɗalibi ba zai samu a aji ba shi ne ke hannunmu: tsoffin da suka san tatsuniya, da malaman Islamiyya da suka san abin da iyaye za su yarda da shi, da gidajen rediyon unguwa masu ɗakin ɗaukar murya. Fim ɗin zane ana iya ɗora masa harshe biyu ko uku, a yi na Hausa, a yi na Julanci, a yi na Faransanci, ba tare da an sake zana komai ba.

Akwai sharuɗɗa. Na farko, a nemi izinin iyaye kafin a ɗauki murya ko fuskar yaro, kuma kada aikin ya ci lokacin lakwal ko makarantar allo. Na biyu, tun farko a rubuta wa ya yi me, a sa sunan kowa a ƙarshen fim, har da tsohuwar da ta ba da labari, domin rashin haka ne ke ɓata zumunci ranar da kyauta ta zo. Na uku, kada a mai da fim wa'azi. Ɗan shekara 5 ba ya yabo don kunya. In abu bai yi masa ba sai ya tashi ya tafi wasansa. Don haka a nuna wa yara goma a tsakar gida kafin a kai gaban alƙalan gasa.

Kuɗi fa? Al'ummar da 'ya'yanta ke sayar da garba, wato acake da soyayyen kifi, a kowane lungu na birnin nan, da 'yan kasuwarmu na Adjamé, ba za su gaza ɗaukar nauyin abinci da kuɗin gbaka na ɗalibai biyar ba. Muna kira ga sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin matasa su fara buga ƙofar waɗannan makarantu, kada a jira sai an neme mu. Harshen da yaro bai yi dariya da shi ba, da wuya ya riƙe shi in ya girma. Allah Ya raya mana zuriya.